Kujerun Tasawa: tarihin ƙuri'ar wata ƙasar manoma

Wanda ya bi babbar hanya daga Maraɗi ya nufi Damagaram, in ya wuce Agye da Gazawa, garin da zai iske a gabansa shi ne Tasawa. Ƙasa ce ta jigawa, ta hatsi da dawa da wake da gujiya, kuma iyakar Nijeriya tana kudu da ita ba da nisa ba. Gundumar tana da ƙananan hukumomi bakwai, watau Tasawa, da Mai Jirgi, da Urafan, da Korgom, da Kona, da Baudeta, da Hawan Dawaki. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta sami mutum fiye da dubu 500 a cikinta, kuma mafi yawansu da hauya su ke ci. Tsakaninta da zauren majalisar dokoki a Yamai akwai tafiyar fiye da kilomita 700.

Ran 14 ga watan Disamba 1958 mutanen wannan ƙasa suka fito suka jefa ƙuri'a, suka zaɓi waɗanda za su tafi Yamai su zauna da sunansu. Aka ƙidaya, aka faɗi waɗanda suka ci. Amma shekara ba ta zagayo ba sai aka soke zaɓen, aka ɗauki kujerun aka ba waɗanda aka kayar. Wannan al'amari shi ya sa sunan Tasawa ya shiga tarihin siyasar Nijar. Wanda ya ke son ya gane darajar ƙuri'ar manomi, da abin da ke rage mata daraja, ya kamata ya bi labarin tun daga tushe.

Zamanin da ba a tambayar talaka

Tasawa tsohon gari ne. A da tana cikin ƙasashen arewa na daular Katsina, kuma bayan jihadin farkon ƙarni na 19 ta zauna tsakanin manyan maƙwabta biyu, Maraɗi a yamma, Damagaram a gabas, kowa yana so ta bi shi. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya sauka a garin a farkon 1851 a kan hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano. A watan Yuli 1899 kuwa, a wajen Mai Jirgi, sojoji suka juya suka kashe hafsoshinsu biyu na Faransa, Voulet da Chanoine, waɗanda ayarinsu ya bar kango da gawawwaki a duk inda ya ratsa. Mutuwar waɗannan biyu ba ta hana mulkin Nasara kafuwa ba.

A ƙarƙashin wannan mulki umurni daga sama ya ke saukowa: daga gwamna zuwa kwamandan, daga kwamandan zuwa sarkin kanto, daga sarki zuwa mai gari, daga mai gari zuwa mai gida. Talaka ya biya lanho, ya ba da ɗansa don aikin dole ko aikin soja, kuma kwamandan yana da ikon ya tsare shi ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Fiye da shekara 40 ana haka, babu wanda ya taɓa tambayar mutumin Korgom ko na Urafan wa ya ke so ya yi magana da bakinsa.

Ƙuri'ar ƴan ƙalilan

Bayan yaƙin duniya na biyu, wanda ƴaƴan Afirka da yawa suka zubar da jini a cikinsa, sai Faransa ta sassauta. A 1946 aka hana aikin dole, aka soke dokar da ta ba kwamandan ikon hukunci ba shari'a, aka kuma ce mutanen ƙasashen da Faransa ke mulki duka sun zama ƴan ƙasa. Ran 12 ga watan Mayu na wannan shekara aka kafa jam'iyyar siyasa ta farko a Yamai, watau PPN, wadda daga baya ta zama reshen babbar ƙungiyar RDA. A watan Nuwamba wani malamin makaranta, Jori Hamani, ya ci zaɓen zama depite na Nijar a majalisar Paris.

A ƙarshen 1946 da farkon 1947 aka zaɓi majalisar farko ta cikin gida, mai kujeru 30. Amma an kasa masu zaɓe kashi biyu. Kashi na farko na Faransawa ne da waɗanda ke da matsayi irin nasu, kuma duk da ƙarancinsu an ba su kujeru 10. Kashi na biyu na sauran jama'ar ƙasa ne baki ɗaya, su kuwa kujeru 20. Ko a cikin kashi na biyun ma ba kowa ke da ƙuri'a ba. Sai sarakuna, da ma'aikatan gwamnati, da tsofaffin sojoji, da ƴan kasuwa masu takardar izni, da waɗanda suka iya karatu, da ire-irensu. A ƙauye mai ɗaruruwan mutane, masu katin zaɓe ba su wuce a ƙidaya su da yatsu ba. A 1951 aka ƙara buɗe ƙofa kaɗan, aka shigar da masu gida masu biyan lanho, da mata waɗanda suka haifi ƴaƴa biyu.

Hukumar Nasara ba ta ji daɗin PPN ba, domin a lokacin RDA tana ƙawance da ƴan gurguzun Faransa. Saboda haka a 1948 aka kafa wata jam'iyya a Maraɗi, mai suna UNIS, wadda ta sami goyon bayan hukuma da na sarakuna. Tun da ya ke mai gari ne ke raba kati, kuma sarki ne ke naɗa mai gari, ba a sha wahalar sanin inda ƙuri'ar karkara za ta nufa ba. A 1948 ɗan takarar UNIS, Georges Condat, haifaffen Maraɗi, ya ci kujera ta biyu ta Nijar a Paris. A 1951 UNIS ta kwashe kujerun Paris duka biyu, Jori Hamani ya faɗi. Ran 30 ga watan Maris 1952 aka zaɓi sabuwar majalisa mai kujeru 50, kuma cikin 35 na kashi na biyu UNIS ta ɗauki 34.

Raƙumi da giwa

Shekara ta 1956 ita ce ta juya al'amura. A watan Yuni majalisar Faransa ta zartar da dokar da ta ba kowane baligi ƙuri'a, namiji da mace, mai karatu da marar karatu, ta kuma haɗa kashi biyun nan suka zama ɗaya. A wannan shekara ce kuma aka raba Tasawa da Maraɗi wajen mulki, aka ba ta kwamandan nata. Ga shi ƙasa ta sami sunanta a taswirar hukuma, ga shi kowane manomi da matarsa sun sami kati.

Kafin nan wani sabon ƙarfi ya riga ya taso. Jibo Bakari, wanda ya rabu da PPN sa'ad da RDA ta sasanta da hukuma, ya kafa jam'iyyar UDN a 1954. Mabiyansa ƙananan mutane ne: direbobi da yaran mota, da leburori, da teloli, da mahauta, da ƙananan ƴan kasuwa, da malamai na zaure. Irin waɗannan mutane su ne ke zirga-zirga tsakanin kasuwa da kasuwa a ƙasar gujiya, su ne kuma ke kai labari inda jarida ba ta zuwa. Kirarinsu shi ne Sawaba, kalmar da talakawan NEPU su ma ke ɗagawa a Kano da Katsina, ƙetaren iyaka kaɗan. Manomin da ke kai gujiyarsa kan sikelin manyan kamfanonin Faransa, a biya shi kuɗin da ba shi ya yanka ba, bai buƙaci a fassara masa ma'anar kalmar ba.

A watan Nuwamba 1956 UDN ta haɗu da jam'iyyar BNA ta su Condat da Isufu Sa'idu Zarmakwai, wadda ke da sarakuna da yawa a bayanta. Jibo Bakari ya zama magajin garin Yamai na farko da aka zaɓa. Tun da ya ke mafi yawan masu zaɓe ba su karatu, kowace jam'iyya tana da alama a kan takardarta: Sawaba raƙumi, RDA giwa. Mai zaɓe ya ɗauki takardar da ya ke so, ya sa a ambulan, ya jefa a akwati.

Ran 31 ga watan Maris 1957 aka yi zaɓen farko da kowa ke da ƙuri'a a cikinsa. Cikin kujeru 60 raƙumi ya ɗauki 41, giwa 19. Tasawa ta bi raƙumi. Georges Condat, wanda aka zaɓa daga mazaɓar Tasawa, shi ya zama shugaban majalisa, Jibo Bakari kuwa ya kafa gwamnatin ƴan ƙasa ta farko, ko da ya ke gwamnan Faransa yana nan a samansa.

Na'am ko a'a

Wannan haɗin gwiwa na talakawa da sarakuna bai daɗe ba. Gwamnatin Sawaba ta tuɓe waɗansu sarakuna, sauran suka fara dubanta da ido guda. Sa'an nan a 1958 Janar de Gaulle ya hau mulki a Faransa, ya ba ƙasashen Afirka zaɓi: ko su ce na'am su zauna cikin tarayya da Faransa, ko su ce a'a su karɓi ƴancin kai nan take, Faransa ta janye hannunta da taimakonta. Jibo Bakari ya ce a'a, kamar yadda Seku Ture ya ce a Gini. PPN ta ce na'am. Paris ta aiko sabon gwamna, Colombani, aka ƙaro sojoji cikin ƙasa, motocinsu suna ratsa ƙauyuka. Isufu Sa'idu Zarmakwai da manyan sarakuna suka bar Sawaba suka koma wajen na'am.

Ran 28 ga watan Satumba 1958 aka yi zaɓen raba gardama. Sakamakon da hukuma ta bayar ya nuna na'am ta sami wajen kashi 78 cikin 100, amma waɗanda suka fito ba su kai kashi 40 cikin 100 na masu kati ba. Jibo Bakari ya sauka a watan Oktoba, aka rushe majalisa a watan Nuwamba, aka kira sabon zaɓe ran 14 ga Disamba.

A wannan zaɓe PPN da waɗanda suka bar Sawaba suka tsaya tare da sunan UCFA, suka kwashe mafi yawan kujeru 60. Wurare biyu ne Sawaba ta tsaya da ƙafafunta: Tasawa da Zinder. Bayan matsin lambar watanni uku, bayan sarakuna sun juya, bayan gwamnati ta fita daga hannun jam'iyyar, mutanen Tasawa suka sake ɗaukar takardar raƙumi. Kwana huɗu bayan zaɓe, ran 18 ga Disamba, majalisa ta zauna ta yi shelar Jamhuriyar Nijar, Jori Hamani ya zama shugaban gwamnati, Bubu Hama shugaban majalisa. Ranar ce ta zama ranar bikin Jamhuriya.

Abin da ya biyo baya shi ne wanda aka ambata a farko. Aka ce an sami kurakurai a zaɓen mazaɓun biyu, aka soke. A Zinder aka sake zaɓe a watan Yuni 1959, Sawaba ba ta shiga ba. A Tasawa kuwa ba a ma koma ga jama'a ba, sai aka miƙa kujerun ga ƴan takarar da suka zo na biyu. Ran 12 ga watan Oktoba 1959 aka haramta Sawaba gaba ɗaya, shugabanninta waɗansu suka tafi gudun hijira, waɗansu suka shiga kurkuku. Sa'ad da aka yi shelar ƴancin kai ran 3 ga watan Agusta 1960, waɗanda ke zaune a majalisa da sunan Tasawa ba su ne mutanen Tasawa suka zaɓa ba.

Takarda guda a kan tebur

Majalisar 1958 ta ci gaba da zama har 1965. A tsakanin nan, a 1964, ƴan Sawaba da suka sami horon soja a waje suka kutso ta kan iyakoki, aka murƙushe su, kuma ƙasashen da aka sani da bin raƙumi suka sha bincike da kame. A wannan shekara ce aka sake tsarin mulkin ƙasa, Tasawa ta zama arondisma a ƙarƙashin Maraɗi, da sufurefe a kanta.

Ran 21 ga watan Oktoba 1965 aka yi zaɓen ƴan majalisa, aka sake yi ran 22 ga Oktoba 1970. Duka biyun jeri guda ne na sunaye 50, wanda shugabannin PPN suka tsara a Yamai. Mai zaɓe ya zo ya iske takarda guda, ya sa a ambulan, ya koma gonarsa. Kowane karo hukuma ta ce fiye da kashi 90 cikin 100 sun amince. Depite ya san ba ƙauye ne ya ba shi kujera ba, saboda haka ba ƙauye ya ke tsoro ba. Da fari ya tsananta a 1973, gujiya ta mutu, rumbuna suka bushe, majalisar ba ta zama wurin da kukan karkara ya fito da ƙarfi ba. Ran 15 ga watan Afrilu 1974 soja suka karɓi mulki a ƙarƙashin Seini Kunce, suka rushe majalisa da jam'iyya.

Daga nan sai da aka yi shekara 15 babu depite ko ɗaya a Nijar. Gwamnatin soja ta jingina ga Samariya da ƙungiyoyin haɗin gwiwar manoma, ta kafa majalisun shawara tun daga ƙauye har zuwa ta ƙasa, wadda aka buɗe a 1983. Yaron da aka haifa a Baudeta a shekarar da aka soke kujerun Tasawa ya kai shekara 30 bai taɓa ganin takarda biyu a kan teburin zaɓe ba. Bayan rasuwar Kunce a 1987, Janar Ali Shaibu ya kafa jam'iyyar MNSD, aka yi zaɓe ran 10 ga watan Disamba 1989. Nan ma jeri guda ne, mai sunaye 93. Abu ɗaya ne sabo a cikinsa: mata biyar sun shiga majalisa, karo na farko a tarihin ƙasar.

Tasawa cikin jerin Maraɗi

Taron ƙasa da aka yi a Yamai daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 ya rushe wannan majalisa, ya buɗe hanyar jam'iyyu da yawa. Ran 14 ga watan Fabrairu 1993, bayan shekara 34, mutanen Tasawa suka sake iske takardu iri-iri a kan tebur. Cikin kujeru 83 MNSD ta sami 29, CDS 22, PNDS 13, ANDP 11. Tsofaffin abokan gaba kuwa, giwa da raƙumi, kowannensu ya tashi da kujera biyu. Jibo Bakari ya dawo ya tsaya takarar shugaban ƙasa a wannan shekara, bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Ƴaƴan waɗanda suka jure matsi dominsa a 1958 sun riga sun sami waɗansu tutoci.

Amma sabon tsarin ya zo da wani canji wanda mutane da yawa ba su lura da shi ba. Tasawa ba ta ƙara zama mazaɓa mai kanta ba. Mazaɓa ita ce jahar Maraɗi baki ɗaya, kowace jam'iyya ta kawo jerin sunayenta, a raba kujeru gwargwadon ƙuri'un da ta samu. A ce, alal misali, jaha tana da kujeru 10, an kuma jefa ƙuri'u dubu 200. To, kowace kujera kuɗinta ƙuri'a dubu 20 ke nan. Jam'iyyar da ta tara dubu 80 ta ɗauki huɗu, mai dubu 40 ta ɗauki biyu, sauran a raba bisa ƙa'idar da doka ta ajiye. Ban da waɗannan an ware mazaɓu takwas na musamman, kowace da kujera guda, domin ƙananan al'ummomi kada a bar su a baya. A jahar Maraɗi, Bermo ce ke da irin wannan kujera.

Wannan tsari yana da amfaninsa. Ba ya barin jam'iyya guda ta kwashe kome saboda ta fi sauran da ƙuri'a kaɗan, kuma wanda ya zaɓi ƙaramar jam'iyya ƙuri'arsa ba ta faɗi ƙasa banza ba. Amma yana da nasa nauyin. Manomin Kona yana zaɓen tutar jam'iyya ne, shugabannin jam'iyya su ne ke tsara sunayen. In rijiya ta rushe, ko asibiti ya rasa magani, ko makiyayi da manomi suka yi rigima a kan burtali, ba kullum ne ya ke sanin ƙofar wane depite zai buga ba, domin a doka dukkansu na jaha ne, har ma na ƙasa duka. Hausawa kuwa sun ce mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo. Zaɓen ƙananan hukumomi na 24 ga watan Yuli 2004 ya rage wannan nisa, tun da ya ba Hawan Dawaki da Mai Jirgi da sauransu kansiloli da magajin gari waɗanda a ke gani a kasuwa da masallaci.

Daga 1993 akwati ya yi ta zuwa yana komawa. Shugaba Mahaman Usman ya rushe majalisa a watan Oktoba 1994, aka sake zaɓe ran 12 ga Janairu 1995. Rikicin shugaban ƙasa da firaminista ya kai ga juyin mulkin Ibrahim Ba'are Mainasara ran 27 ga Janairu 1996. Zaɓen ƴan majalisa na Nuwamba 1996 manyan jam'iyyun adawa suka ƙaurace masa, domin a watan Yuli an rushe hukumar zaɓe ana tsakiyar ƙidayar ƙuri'un shugaban ƙasa. Aka kashe Ba'are a watan Afrilu 1999, aka yi sabon zaɓe ran 24 ga Nuwamba. Majalisar da ta fito daga nan ita ce ta farko a zamanin jam'iyyu da yawa da ta cika shekarunta biyar. A 2004 aka ƙara kujeru zuwa 113. A watan Mayu 2009 shugaba Tanja Mamadu ya rushe majalisa a kan maganar tazarce, ƴan adawa suka ƙaurace wa zaɓen Oktoba, soja suka karɓi mulki ran 18 ga Fabrairu 2010. Aka yi zaɓe ran 31 ga Janairu 2011, da 21 ga Fabrairu 2016, lokacin da kujeru suka kai 171, sa'an nan ran 27 ga Disamba 2020.

Mata da masu karatu

Abu biyu sun canza fuskar jerin sunaye a wannan zamani. Na farko maganar mata. A zaɓen 1999 mace guda ce kaɗai ta shiga majalisa mai kujeru 83, alhali a layin zaɓe na karkara mata ba su da kaɗan, musamman da rani sa'ad da maza suka tafi ci-rani. A shekara ta 2000 aka kafa dokar da ta ce cikin waɗanda aka zaɓa kada kowane jinsi ya kasa kashi 10 cikin 100. A 2004 mata 14 suka shiga. Aka ɗaga kason zuwa 15 a 2014, zuwa 25 a 2019.

Na biyu maganar karatu. Tsarin mulkin 2010 ya ce a kowane jerin ƴan takara, aƙalla kashi 75 cikin 100 su zama masu takardar BEPC ko makamanciyarta, marasa ita kada su wuce kashi 25. Gabanin zaɓen 2011 kotu ta yi watsi da jerin jam'iyyu da yawa waɗanda ba su cika sharuɗɗa ba. Masu goyon bayan dokar suka ce wanda zai duba kasafin kuɗin ƙasa dole ya iya karanta shi. Masu suka kuwa suka ce ta rage wa babban manomi da ɗan kasuwa da malamin zaure hanya, su da jama'a ta fi sani. Gardama ce wadda ta shafi karkara kai tsaye, domin a can ne masu takardar makaranta suka fi ƙaranci.

Karatu yana da wani aiki kuma a ranar zaɓe kanta. Da yamma, in an buɗe akwati, a gaban wakilan jam'iyyu a ke ƙidaya, a rubuta adadi a takardar sakamako, kowa ya sa hannu. Wakilin da ya iya karanta lamba da suna shi ne zai san ko abin da aka rubuta shi ne abin da aka ƙidaya. A nan dattijon da ya yi yaƙi da jahilci ya ke zama mai tsaron ƙuri'ar ƙauyensa.

Lissafin shekara 74

Daga 1946 zuwa 2020 an kira mutanen Nijar zaɓen majalisarsu sau 16. Cikin majalisun nan 16, bakwai ne suka kai ƙarshen zamansu. Tara an rushe su kafin lokaci: ta 1957, da ta 1970, da ta 1989, da ta 1993, da ta 1995, da ta 1996, da ta 2004, da ta 2009, da ta 2020. Ta ƙarshen ta tsaya ne ran 26 ga watan Yuli 2023, sa'ad da soja suka karɓi mulki a ƙarƙashin Janar Abdurahaman Tiani. A watan Maris 2025 aka rushe jam'iyyun siyasa, kuma a cikin wannan shekara aka kafa majalisar shawara wadda naɗa wakilanta aka yi.

Duk da wannan faɗi-tashi, jama'a ba su yi wa akwati baya ba. A zaɓen 1993 wajen mutum ɗaya cikin uku ne ya fito. A na Disamba 2020 kusan kashi 70 cikin 100 suka fito. Mutumin karkara yana barin sussukarsa da kasuwarsa, ya tsaya a rana, domin yana sa ran takardar da zai jefa tana da nauyi.

Tarihin Tasawa ya nuna hanyoyin da wannan nauyi ke raguwa. Akwai lokacin da aka hana talaka kati. Akwai lokacin da aka ba shi kati, mai gari ya riƙe masa hannu. Akwai lokacin da ya zaɓa aka soke, da lokacin da aka ajiye masa takarda guda, da lokacin da ya zaɓa aka rushe majalisar tun ba ta yi aiki ba. A zamanin jam'iyyu da yawa kuma an ga wata hanya, wadda a cikinta mai zaɓe da kansa ke rage darajar abinsa, in ya karɓi sabulu ko turmin atamfa ko ƴan kuɗi a daren zaɓe. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Ga ma'aikacin hukuma, sufurefe ne a da ko prefe a yanzu, ko sarki, ko malamin makarantar da aka ɗora a kan teburin zaɓe, labarin 1958 ya isa abin tunawa. Waɗanda suka soke zaɓen Tasawa sun sami kujerun da ba su buƙata, tun da rinjaye yana hannunsu. Abin da ƙasa ta biya shi ne gudun hijira da ɗauri, da jinin da aka zubar a 1964, da shekara 34 kafin manomi ya sake ganin takarda biyu. Duk ranar da aka sake aza akwati a gindin gawo a Korgom ko a Urafan, jikokin masu zaɓen 1958 ne za su tsaya a layi, kuma abin da kakanninsu suka nema bai wuce a ƙidaya abin da suka jefa, a bar wanda suka zaɓa ya zauna ba.

Allah ya zaunar da ƙasa lafiya, ya ba da damana mai albarka.